Kujerar Gaba

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Ba mantawa na yi ba. Ga shi nan.

*

A kan bonet ɗin jif ɗin Yaya aka shimfiɗa taswirar. Aka danne ta da sifana biyu, da mataccen fulogi, da kofin shayin Mai Kemis. La'asar ta yi, an sallami masu kawo gyara, garejin ya rage daga 'yan ƙungiya sai motocinsu, kowacce da tsohon taɓon da mai ita ya ƙi wankewa don a san ta shiga daji.

Auta ya tsaya a hagun yayansa. Kullum nan yake tsayawa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

"Kwalta a nan ta ƙare," in ji Yaya, yatsansa a kan takarda. "Daga nan sai mu sai Allah. A gindin gada kowa ya rage iskar taya. Mu ƙetare rafi da rana, mu kwana a tudu. Gari na wayewa mu hau Siraɗi."

Ba wanda ya yi murmushi. Su suka raɗa wa hawan wannan suna, amma ba sa wasa da shi. Hanya ce da mahaƙa suka sassaƙa a jikin dutse tun zamanin kakanni. Bango a hagu, kwazazzabo a dama, faɗinta mota ɗaya da tafin hannu. A bayanta tsohon garin haƙar tama yake, wanda mutanensa suka watse tun da ramukan suka ƙafe, suka bar layukan gidaje ba rufi da dogon bututun hayaƙi tsaye shi kaɗai. Shi suke zuwa gani duk shekara.

"Mai da ruwa, kowa ya ɗauki nasa har da na maƙwabci," Yaya ya ci gaba. "Ba mai wuce na gabansa. Kowa ya riƙe na bayansa a madubi. In ya ɓace maka, ka tsaya. In hanya ta rabu, ka jira sai ya gan ka. Tare muka fita, tare za mu dawo."

"Madugu," in ji Mai Kemis, don haka suke kiran Yaya, "ina da ƙorafi. Bara an sa ni a tsakiya, na sha ƙurar kowa. Har na dawo shago ƙasa nake tofarwa."

"Ai kai ka fi kowa kusa da maganin tari," wani ya ce daga baya.

"Kuma ka taho da igiyarka," in ji Dogo. "Ta ƙungiya ta gaji da jan ka. Ko kududdufin agwagi ka gani sai ka kafe."

Aka kwashe da dariya. Shi Dogon bai yi ba. Yana zaune a kan tsohon batir, ƙafarsa ta hagu a miƙe kamar ba tasa ba, sanda a gefe. Shi ne mai ba da hannu na ayarin. In an zo wuri mai hatsari shi ke sauka ya tsaya a gaba, direba ya ajiye nasa wayon ya bi hannun Dogo. Bara a kan Siraɗi tayar jif ɗin Yaya ta bi ta kan ƙafar. Santsi ne ya ja shi. Haka aka ce.

"Saura rabon mota." Yaya ya gyara murya. "Ni a gaba. Mai Kemis na biyu, ka huta da ƙura. Dogo zai ba da hannu kamar kullum, amma ƙafarsa ba ta taka kuloci, saboda haka Auta zai ja masa motarsa. Su za su rufe baya."

Auta ya ɗago kai.

"Kujerar gefena kuwa, bana ta Baba ce."

Tafi ya tashi. Duk aka juya wajen benci, inda mahaifinsu ke zaune da hular sanyi duk da zafin da ake yi. A garin can aka haife shi. Tun da aka fito da su yana saurayi bai sake taka shi ba. Ya ɗaga wa jama'a hannu yana murmushi, murmushin ya rikiɗe ya koma tari.

"An sallami Makaɗi!" Mai Kemis ya dafa kafaɗar Auta. "Alhamdulillahi. Bana za mu ji magana a rediyonmu na oba-oba, ba ƙwanƙwasar dashbod ba. Kai wai wane irin kiɗa ne naka da ba ya canzawa? Ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Wallahi maƙeri ya fi ka sauti."

Auta ya yi yaƙe.

Ba kiɗa ba ne. Bugu ɗaya, karkata hagu. Bugu biyu, tsaya. Idon Yaya na dama ya daɗe da mutuwa, a buɗe, fes da shi, ba mai kallonsa ya gane. Duk abin da ke dama da sitiyari Auta ke gani, ya buga, Yaya ya bi. Su biyu suka sani, sai wani likita a can wata unguwa mai nisa, inda ba mai kawo mota garejinsu.

"Yaya, zo ka duba fambel ɗin nan a sito."

"Anjima."

"Yanzu."

*

Siton ƙunci gare shi. Kantoci har rufi, warin baƙin mai da sabuwar roba, haske ɗan kaɗan ta tagar waya. Auta ya turo ƙofa.

"Ina fambel ɗin?"

"Me ka yi ke nan, Yaya?"

"Na raba aiki."

"Ka raba ni da kujerar."

"Gadon ubanka ce?" Yaya ya yi guntuwar dariya. "To, bana dai tasa ce."

"Ba wasa nake ba. Wa zai buga maka?"

"Na hau Siraɗi tun kana zana mota a bayan littafin lissafi."

"Da ido biyu ka hau."

"Rage murya."

"Kwazazzabon a dama yake. Baba ma a dama zai zauna. In taya ta zame, shi zai fara..."

"Na ce ka rage murya!"

A waje Mai Kemis na ba da labarin daren da iska ta tafi da tantinsa yana ciki, ana ta shewa.

Auta ya sassauta. "Sa shi a baya. Ni in zauna gaba. A nemo wa Dogo wani direba."

"Ka ɗauka ban gwada ba? Na ce masa baya ta fi taushi. Ka san me ya ce? Ya ce a bayan tifa aka fito da shi daga garin, a kan katifu da tukwane, yana kallon gidansu yana ƙanƙancewa. Ya ce ba zai koma yana kallon ƙeyar wani ba." Yaya ya nuna ƙofa da haɓa. "Je ka ce masa a'a. Ga shi can."

"To in zauna a bayanka. Ko kujera ce sai in buga."

"Dogo da bakinsa ya roƙi kai. Shekaranjiya, kana kasuwar kayan gyara, a gaban mutane. Ya ce ba wanda zai ba makullinsa sai Auta. In ce masa me? Ba na iya tuƙi sai da ƙanena a aljihu?"

Auta ya zuba masa ido. "Dogo ne ya roƙa?"

"Shi."

"Ya sani."

"Bai san komai ba."

"Ranar da ka taka shi, sauka kawai na yi in sa dutse a tayar baya. Kafin in miƙe na ji ihunsa. A dama yake tsaye, Yaya."

"Santsi ne ya ja shi."

"Haka muka ce."

Yaya ya cire hula, ya share fuska da ita. Auta ya matsa ya zauna a kan wani katan a kusurwa, ta hagun dai, kamar kullum. Takalmin roba ne a ƙafarsa, bai yi ƙara ba.

"Ka saurare ni," in ji Yaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na riƙe ka tun da Mama ta rasu. Ni na ɗora hannunka a sitiyari. Ban taɓa roƙon ka komai ba sai wannan abu guda, kuma ka yi mini, ban manta ba..."

Kantar kaya yake kallo. Daidai inda Auta ya tashi. Yana nuna galan ɗin man birki da yatsa, yana faɗa masa shi ya riƙe shi tun da Mama ta rasu.

Auta ya ɗaga hannu a hankali. Ya kaɗa.

Yaya bai juyo ba.

"Yaya."

Kan ya juyo da sauri, ya wuce shi, ya dawo, sannan ya same shi.

Suka dubi juna.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"A hagunka nake."

Yaya ya laluba kanta, ya jingina. A ɗan hasken nan Auta ya ga furfurar da bai taɓa lura da ita ba a gemunsa.

"Tun damina," ya ce da ƙyar. "Kamar mai leƙe ta bututun salansa. Abin da ke gabana sak, ina ganinsa tar. Gefe kuwa babu. Kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake."

"Likita fa?"

"Ya canza maganin ɗigawa. Ya ce a lallaɓa abin da ya rage. Wanda ya tafi ya tafi."

"Kuma a haka za ka hau Siraɗi."

"Shi ya sa zan hau." Yanzu idon ya riƙe shi, bai sake ba. "Kana jin tarin Baba da asuba. Ƙurar ramukan nan ba ta taɓa barin ƙirjinsa ba. Kana ganin zai kai baɗi? Ni ma idona ba zai kai ba. Bana kaɗai ta rage mana, ni da shi. Duk shekara ina kai baƙi garin ubana suna ɗaukar hoto, shi yana gida yana tambayata ko tankin ruwa na nan."

"To ni in tuƙa ku. Ka zauna baya, ka riƙe oba-oba. Kai ne dai Madugu."

"In zauna baya a motata?" Ya yi tsaki. "Kafin mu sauko labari ya riga mu gida. Wa zai kawo wa makaho mota ya duba masa birki? Da garejin nan kowa ke ci. Ni, da yarana, da Baba, da kai."

"Ai ba ka makance ba."

"To ka gani. Kai ma ka faɗa."

Ya matso, ya kama kafaɗar Auta da hannun nan mai kaushi, wanda ya sha ɗaga shi ya ɗora a kan taya yana ƙarami.

"Wannan karon kawai, Auta. Ka yi mini shiru. In mun dawo, da bakina zan tara su in faɗa. Wallahi."

"In kun dawo."

Yaya ya sake shi kamar ya taɓa salansa mai zafi. Ya buɗe ƙofa. Kafaɗarsa ta daki gefen ƙofar, ya wuce kamar da gangan ya yi.

*

Da Auta ya fito, benci ba kowa. Baba ya riga ya hau jif ɗin, ya zauna a kujerar gaba, ƙofa a buɗe, ya ɗaura bel a karkace.

"Auta, zo ka gyara mini igiyar nan. Shaƙe ni take."

Ya gyara. Ƙirjin Baba a ƙarƙashin riga kamar kwando.

"Ashe haka kake ganin duniya daga nan," in ji Baba, yana shafa dashbod. "Ka more."

"Baba, hanyar fa da wuya. Jijjigar kaɗai..."

"Hanyar da muka riƙa bi da ƙafa ba takalmi? Rufe mini baki." Ya dubi Auta. "Tankin ruwan yana nan?"

"Yana nan. Ya yi tsatsa."

"Gidan da ke bayansa, mai taga ɗaya, shi ne namu. Ni na shafa wa ƙofar shuɗin fenti. Kakanku ya zane ni ranar, don fentin na kamfani ne." Ya yi dariya, tari ya karɓe. Sai da ya lafa ya ce, "Akwai sauran shuɗin?"

Auta ya sha wucewa ta gaban gidan. Ba ƙofa. Ba rufi. Wata bishiya ta fito ta tsakiyar ɗakin.

"Akwai, Baba. Kaɗan."

"Madalla." Ya lumshe ido. "Jiniya ke tashin mu, ita ke sallamar mu. Ranar da aka kashe ta duk garin ya makara. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallon juna kamar an yi mutuwa. To, mutuwar aka yi." Ya buɗe idon. "In ga ƙofar nan, in ga inda aka kwantar da kakanku, shi ke nan. Ba na neman ƙari."

Auta ya kau da kai.

"Yayanka lafiya?"

"Lafiya lau."

"Jiya na miƙa masa ruwa, ya bar ni da kofi har hannuna ya gaji. Ni ban haifi mai girman kai ba."

"Tunanin tafiya ne ya yi masa yawa."

"Uhm," in ji Baba.

Ya yi masa irin kallon da yake musu suna yara in an fasa abu a gida ba wanda ya amsa. Auta ya sunkuya yana gyara shimfiɗar ƙafa da ba ta karkace ba.

*

"Madugu!" Dogo ya dogara sanda ya miƙe. "Ba mu yi gwajin hannu ba."

"Yamma ta yi. Gobe."

"Dokarka ce. Ba a tashi taro sai direban gaba da mai hannu sun gwada. Kai ka kafa ta, ba ni ba."

"Ni da kai kuma, Dogo? Yau muka fara?"

"Ƙafata sabuwa ce. Ina so in ga ko tana iyawa."

"Gaskiya ya faɗa," wani ya ce. Mai Kemis ya ɗauke kofinsa, aka naɗe taswira.

Wurin gwajin sananne ne, tsakanin katangar gareji da dogon ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota. Katanga a hagu, rami a dama. Yaya da kansa ya zaɓe shi shekarun baya, don ya yi kama da Siraɗi.

"Baba, sauko tukuna," in ji Auta.

"A kan me? Ni ma gwajin nake."

Auta ya kama marfin baya zai shiga.

"Makaɗi," in ji Dogo, ko kallonsa bai yi ba, "kai ɗan motar baya ne. Koma baya."

Ya saki marfin.

Yaya ya ta da mota. Dogo ya tsaya a gabanta sak, sanda a hammata, hannu biyu a sama. Ya yafito. Jif ɗin ta taho a giya ɗaya, a hankali kamar ana tura ta. Yatsa hagu, sitiyari ya bi. Yatsa dama, ya bi. Dogo ya dunƙule hannu, ta tsaya cak.

"Madugu ke nan!" Mai Kemis ya buga tafi. "Ko allura aka ajiye sai ya zare ta!"

Auta ya saki numfashi. Yana biye da motar a baya, kusa da fitilar hagu, inda ba mai kula da shi.

Dogo ya sake yafitowa. Sannan ya fara ja da baya yana karkata, yana jan ƙafar nan, har ya zagaya ya tsaya ta ɗaya gefen ramin, inda mai hannu ke tsayawa in yana son ganin tayar da ke bakin hatsari. Ba mugunta a ciki. Nan ne wurinsa. A dama. A dama ya tsaya bara.

Ya nuna hagu.

Motar ta ci gaba yadda take.

Ya sake nunawa, da ƙarfi.

Ta gilashin baya Auta na ganin kan Yaya yana ɗan motsi, yana neman mutum a inda mutum ya bari. Doka ita ce in hannu ya ɓace maka, ka taka birki. Shi ya koya wa kowa. Amma in ya taka yanzu za a tambaye shi dalili.

Dogo ya dunƙule hannu. Ya ɗaga shi sama.

Motar na tafiya.

Tayar gaba ta dama ta hau leɓen siminti. Rabinta ya fita iska. Baba na leƙen ramin ta taga kamar mai kallon kifi a rafi. Dogo ya buɗe baki, wani ya ɗora hannu a ka.

Auta bai san sa'ad da hannunsa ya tashi ya daki jikin motar ba.

Gam! Gam!

Motar ta tsaya cak.

Wani guntun siminti ya ɓalle, ya faɗa ramin. Kowa ya ji saukarsa. Yaya ya kashe inji.

"To fa," in ji Mai Kemis. "Ashe kiɗan yana da..." Ba wanda ya taya shi. Dariyar ta mutu a bakinsa.

Dogo bai sauke hannu ba.

"Kun ga hannuna?" Ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. "Tun can yake sama. Bai tsaya ba. Makaɗi ya buga, ya tsaya."

"Rana ce ta haske ni," in ji Yaya.

Duk aka ɗaga kai. Ranar na bayansu, ta kusa ɓuya a bayan kwanon sito.

"Ranar nan ma haka hannuna yake, Madugu. A sama." Dogo ya dubi hannun nasa. "Aka ce santsi. Har matata ta yarda santsi ne. Har ni na fara yarda. Ina kwance a asibiti ina tambayar kaina, wane irin santsi ne a busasshen dutse?"

"Dogo, ka san ni..."

"Na san ka. Shi ya sa ban buɗe baki ba sai da na gani."

"Ya isa haka, ɗana."

Baba ne. Bai ɗaga murya ba, amma Dogo ya sauke hannu.

Tsohon ya kwance bel. Ya gyara zama a hankali, don motar ba ta son motsi. Ya ɗaga hannunsa kusa da kumatun Yaya na dama, tazarar ba ta kai taƙi ba.

"Babba," ya ce, don bai taɓa kiran ɗan farinsa da wani abu ba sai haka. "Kada ka juyo. Kalli gabanka, yadda za ka kalla a can. Yatsu nawa na ɗaga?"

Ta gilashin baya Auta na gani. Uku. Siraran yatsu.

Yaya bai juyo ba. A hankali ya zuro hannunsa na hagu ta taga, ya shimfiɗa tafin a jikin ƙofa, kamar mai jin ko mota ta yi zafi.

Ba wanda ya gane sai Auta.

Ƙarfe ɗaya ne daga ƙofar nan har inda nasa hannun yake. Ko da ɗan yatsa ya taɓa, zai kai. Sau uku, ba kunnen da zai ji. Sai a ce rana ce. A ce Dogo ya ƙullace shi saboda ƙafa. A ba juna haƙuri, a loda kaya, a hau Siraɗi.

Ya tuna ƙofa mai shuɗin fenti da babu ita. Ya tuna galan ɗin man birki a sito. Can gaba, tayar na nan rataye a bakin rami, daidai ƙarƙashin ƙafafun Baba.

Tafin Yaya na jira a jikin ƙarfe.

Auta ya ɗauke hannunsa. Ya sa a aljihu.

Injin na hucewa yana ƙas, ƙas. A bayan katanga wata babbar mota ta wuce, ta yi nisa, ƙararta ta ɓace. Yaya ya ƙara danna tafinsa a ƙofar har jijiyoyin hannun suka tashi.

Sannan ya gyara murya.

"Biyu, Baba," ya ce, da muryar nan da yake ba ayari umarni a oba-oba.

Hannun Baba ya daɗe da sauka a kan cinyarsa.